Na kashe wa yaro flashlight da jan biro, washegari uban ya zo

Maman Khalifa (Mabera):

Assalamu alaikum jama'a. Turanci nake koyarwa a aji biyar na wata firamare mai zaman kanta a nan Sakkwato. Shekarata takwas da alli a hannu, amma makon jiya yaro ɗan shekara goma ya hana ni barci.

Gwaji na ba su mai sauƙi. Na zana kayan gida guda goma a allo, su famfo, tocila, bokiti, kwandon shara, kabad, na ce kowa ya rubuta sunayensu da Turanci. Yaron nan, wanda dama ba ya wuce na ɗaya ko na biyu, a gaban famfo ya rubuta faucet, a gaban tocila ya rubuta flashlight, kwandon shara kuma ya ce trash can. Ni kuwa tap da torch da dustbin na sani. Su ne a littafin da muke amfani da shi, su aka koya mini tun ina 'yar firamare a Rijiyar Ɗorawa. Na ɗauki jan biro na kashe ukun. Ya tashi da bakwai cikin goma.

Washegari sai ga mahaifinsa. Wallahi da mutunci ya zo, ko murya bai ɗaga ba. Ya buɗe ƙamus a wayarsa ya nuna mini kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowace an rubuta a gefenta cewa Turancin Amurka ce. Ashe a katun ɗin da yaron yake kallo ya kwaso su. Flashlight na taɓa jin ta, amma faucet, tsakani da Allah, na ɗauka yaron ne ya ƙirƙiro abarsa. Na gyara masa maki, na ba da haƙuri, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

To yanzu me zan koyar? Yara talatin da shida gare ni, rabinsu YouTube ne malaminsu na dare. In na ce kowace daidai ce, na bar su a ruɗe; in na kafe a kan ta littafi, na zalunci wanda ya faɗi gaskiya.

Akwai kuma wadda ta fi damuna. A littafin, filin da ke jikin gida garden aka kira shi, ga hoton ciyawa shar da furanni. Tsakar gidanmu kuwa siminti ne da randa da igiyar shanya da akuya a turke. Da na tambaye su sunanta, yawancinsu suka ce compound, wannan yaron ya ce yard. Wa zan ba gaskiya?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Malama, kin kyauta da kika ba da haƙuri, da yawa ba za su iya ba.

Ni dai ra'ayina na tsofaffi ne: ki riƙe Turancin Ingila a aji. Turawan Ingila ne suka ci Sakkwato a 1903, su suka kawo boko, a kan Turancinsu aka gina littattafanmu da jarrabawarmu, kuma samun 'yancin 1960 bai rushe wannan ginin ba. In kina son shaida, ki saurari bakin kakarki da ba ta taɓa zama a benci ba. Tana cewa fetur, ba ta cewa gas. Tana cewa but ɗin mota, Amurkawa kuwa trunk suke cewa. Falo daga parlour ne, kabad daga cupboard, biskit ma na Ingila ne, don a Amurka cookie ne. Hausar kanta ta riga ta zaɓi gefe.

Guda ɗaya ce ta kuɓuce mini, kananzir. Daga kerosene take, alhali mutumin Ingila paraffin yake kiran man fitila. Wannan kam ta bi Amurka, na yarda.

Sannan ki kula da tocilar nan taki. Daga torchlight muka samo ta, amma a Ingila torchlight hasken da take bayarwa ne, ita kanta torch ce. Mu ne muka mayar da hasken ya zama sunan abin. Na yi shekaru ina kashe wa yara wannan, har na gaji na bari.

Ki koyar da ta Ingila, ki karɓi ta Amurka idan ta zo, amma ki hana su cakuɗawa a insha'i ɗaya. Colour a sama, color a ƙasa, wannan ba Amurka ba ne, sakaci ne.

Ɗan Gawon Nama a Milwaukee:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini izini in ɗan taɓa. Wannan “Turancin Amurka” da ake faɗa kamar abu guda, da na zo na tarar su ma kansu ba a haɗe yake ba.

A jihar Wisconsin da nake, famfon shan ruwa na makarantu da asibitoci, wanda kake dannawa ruwa ya yi tsalle zuwa bakinka, bubbler suke kiransa. Ka tsallaka Chicago, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ka ce bubbler a tsaya ana kallonka, su water fountain ko drinking fountain suka sani. Lemon kwalba, wanda 'yan Kudunmu ke kira minerals, wasu jihohin soda, wasu pop, a kudancin ƙasar kuma akwai masu kiran kowane iri coke, ko da Fanta ce. Faucet ɗin yaronki ma, Malama, na cikin kicin da banɗaki ne. Wanda ke jikin bango a waje, da ake sa wa tiyo, da yawa spigot suke ce masa. Kuma duk da haka ruwan famfo tap water suke kiransa. Kin ga tap ɗinki ba ta mutu ba.

Torch kuwa ni ta taɓa kunyata ni. Damina ta ta farko a nan aka yi iska mai ƙarfi, wuta ta ɗauke, na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina, wani dattijo, na ce ya ara mini torch. Ya yi shiru, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce me zan ƙona da tsakar daren nan? A wurinsu torch itace ne mai ci da wuta, ko kuma abin hura wutar gas irin na masu haɗa bututu.

Batun tsakar gida: a Amurka filin da ya kewaye gida, mai ciyawa ko marar ciyawa, yard ne, garden kuma inda aka shuka tumatir ko furanni, wato lambu. A Ingila filin mai ciyawa shi ne garden, yard kuma ɗan fili mai daɓe a bayan gida. To tsakar gida mai siminti, a duk ƙasashen biyu ta fi kusa da yard. In ɗakuna sun kewaye ta ta ko'ina kamar ta gidan kakana, courtyard ta fi dacewa. Yaron nan ya sake cinye ki, Malama, sai haƙuri.

Alhaji na Illela:

Ni ban yi boko mai zurhi ba, amma wagga magana dariya ta ba ni. Daga nan zuwa Birnin Ƙwanni tahiyar 'yan mintoci ta. Hausa guda, dangi guda, aure muka yi da juna. Amma abin da munka sani da fetur, su esansi suka cewa. Makarantar boko lakwal, babbar mota kamyo, don su Faransa ta riƙe su. Risho ma da mata ka dahuwa da shi, daga Faransanci shi hito. Shekara talatin ina ciniki da su, ba mu taɓa hwaɗa kan suna ba, sai kan kuɗɗi. Kuma ku 'yan boko da kun tahi Kano ku dawo kuna gyara muna Hausa, wai ba hwara ba, fara. Mi an nan na mamaki don Turawa sun rarrabu?

Zainab, ɗalibar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUS):

Anti, kada ki kashe wa masu compound. Kalma ce ta gaske, tana cikin ƙamus da ma'anar gida mai katanga da gine-gine a ciki. Asalinta kampung ne na harshen Malay, Turawan mulkin mallaka suka yaɗa ta zuwa Indiya da Afirka. Sai dai gidan gaba ɗaya take nufi, ba tsakarsa kaɗai ba. Kuma namu Turancin ma an fara ba shi kujera: a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da okada, danfo da Kannywood.

Maman Khalifa (Mabera):

Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ƙara lafiya, shawararka na ɗauka, sai dai na ɗan ƙara mata gishiri. Alhaji, ni ma hwara nake cewa a gida, a aji ne kawai nake zama Bakanuwa.

Jiya na raba allo gida uku, Ingila, Amurka, Najeriya, na ce wadda za mu rubuta a jarrabawa ita ce ta gidan farko. Yaron nan na ba shi alli ya cike gidan Amurka da kansa, sai fankama yake. Aji ya yi daɗi har aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, Malama, buta fa? Ajin duka suka ce kettle. Na ce to a Ingila kettle ta dafa ruwan shayi ce, in baƙo ya ce zai shiga banɗaki da ita sai mai gida ya riƙe baki. Na sa ta a gidan Najeriya, sauran gidajen biyu na bar su babu komai. Randa na rubuta mata water pot, yaran suka ƙi yarda, wai pot tukunya ce, ba a girki da randa. Dakali da zaure kuwa ko farawa ban yi ba. Ɗan Gawon Nama, don Allah ka tambayar mini dattijon nan naka.