Sabuwar firinta ta ƙi kama Wi-Fi na gida

Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min, abin nan ya ishe ni.

Na sayi firinta mai bugawa da kwafi da sikanin a lokacin rangwame. Da kebul ɗin USB tana aiki lafiya lau, amma kwana uku ke nan ina fama da haɗa ta da Wi-Fi. Tana ganin sunan netwok ɗin, in sa kalmar sirri, fitilarta ta yi ta ƙyaftawa, can sai ta ce haɗin bai yiwu ba. Na gwada maɓallin WPS (mai haɗawa ba tare da sa kalmar sirri ba), na mayar da saitinta yadda ta zo, na matso da ita dab da rauta, duk shiru.

Da na buga takardar bayanan netwok, lambar IP ɗinta (adireshinta a netwok) ta fara da 169.254, alhali wayata tana kan 192.168.1, wato rautar ba ta ba ta lamba ba. Littafin firintar ya ce zangon Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai take kamawa, rautata kuwa ta haɗe 2.4 da 5GHz a suna ɗaya, da tsaron WPA3.

Shin in na ware 2.4GHz da sunansa daban a kan tsohon tsaron WPA2, za ta haɗu?