Waɗanda suka kalli Spirited Away da yaransu, yaya aka ƙare?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ta turo min fim ɗin nan na Japan, na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a 2001. 'Yata mai shekara bakwai ta fashe da kuka tun a wurin da iyayen Chihiro, yarinyar da labarin yake kanta, suka rikiɗe suka koma aladu don sun ci abincin iskoki ba da izini ba. Dole na kashe. Naku fa, yaya suka ɗauke shi?

Malamar Aji Huɗu: Wa'alaikumussalam Yaya. Nawa sun ɗan tasa, sun daure. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne baƙon nan mai ɗoyi da ya shigo gidan wankan iskoki na matsafiya Yubaba, kowa na toshe hanci. Chihiro ta ga wani ƙarfe a jikinsa, aka taru aka ja, sai ga keke, sai ga tulin shara. Ashe iskan wani kogi ne da mutane suka mayar bola. Washegari na ji babban yana yi wa ƙaninsa faɗa don ya jefa leda a kwata. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Baban Gida: Ni damuwata daban ce. Yawancin halittun nan tushensu addinin Shinto ne, inda ake ganin kogi da dutse da bishiya kowanne da nasa kami, wato iskansa, da ake girmamawa. Ɗana ya tambaye ni ko aljanu ne. Na zaunar da shi na yi masa bayani cewa wannan imanin mutanen Japan ne, namu daban. A ganina kada a bar yaro shi kaɗai a gaban fim ɗin.

Hajiya Kaka: Gaskiyarka ɗana. Amma mu ma da tatsuniyar Dodo muka tashi, kuma a gaban manya muke ji. Jikata ba dodannin ba ne suka tsorata ta. Da Yubaba ta ƙwace sunan yarinyar ta mayar da ita Sen, sai ta riƙe min zani tana cewa, "Kaka, idan ta manta sunanta wa zai kai ta gida?"

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Fim ɗin ya haura awa biyu, zan raba mata shi kashi-kashi, da rana, ina zaune kusa da ita. Hajiya, jikar taki shekararta nawa?