Masu riƙe da badujalar makaranta a Kaduna, ya kuke yi da rubuta kiɗa da haɗa bidiyo?

Malamin Kiɗa, Unguwan Rimi

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Ni ke riƙe da 'yan badujalar wata makaranta mai zaman kanta, mu ne masu fita fareti ranar yara 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba da ranar wasannin makaranta. Abu biyu ne suka sha min kai. Na farko takardun kiɗan da ake saukewa a intanet duk an rubuta su ne don cikakkiyar ƙungiya mai kilarinet da tuba da komai da komai, ni kuwa tirampet huɗu gare ni da begila uku da ganguna, shi ya sa na koma rubuta wa yaran nawa da kaina a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta, amma abin da kwamfuta ta busa min da daɗi idan yara suka ɗauka sai ya fito wani iri. Na biyu mai makaranta ta ce duk fitar da muka yi tana son bidiyo a shafin makaranta na Facebook kuma ni za ni haɗa. Na fara taɓa CapCut, manhajar haɗa bidiyo, hoton ba laifi amma sautin wlh ba ya sauraruwa, babbar ganga ta cinye kowa. Don Allah duk wanda ya bi ta wannan hanyar ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon Mabushi, Kawo

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi busa a bariki har na ajiye aiki, yanzu ina taimaka wa makarantu biyu. Kwamfuta ba ta da leɓe kuma ba ta numfashi, yaro ɗan aji ɗaya a sakandare yana da su. In za ka rubuta, ka zaunar da yaran ɗaya bayan ɗaya ka ji inda kowa yake iya kaiwa ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba, nan ne rufin ɗakinka, kar ka wuce shi. Kuma ka tuna a tafe za su busa ba a zaune ba, duk bayan gaɓa huɗu ka bar musu wurin jan iska, ko ka raba su biyu wasu na busa wasu na hutawa.

Begila kuma kar ka wahalar da ita, ba ta da maɓalli, abin da take bayarwa do, so, do, mi, so ne, in ka rubuta mata re ko fa babu inda yaro zai samo su. Ni amsa nake ba su, tirampet ta yi kira begila ta amsa. Gudun maci kuma wajen bugu 120 ne a minti, ƙafar hagu tana sauka tare da babbar ganga, amma ƙananan 'yan firamare nakan rage musu kaɗan don ƙafafunsu gajeru ne.

Anti Mai Fiyano, Barnawa

Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, Malam ka duba ko ka saita tirampet ɗin a matsayinta na B fulat, don abin da aka rubuta mata C idan ta busa B fulat ne ke fita, to in kana so ta haɗu da fiyano a F sai ka rubuta mata G. MuseScore yana yin wannan da kansa in ka zaɓi kayan busar daidai tun farko, da yawa a layin fiyano suke rubutawa su buga su miƙa wa yara.

Ni abin da ya koya min rubutun gaggawa shi ne canjin taken ƙasa. Ranar 27 ga Mayu 2024 yarana sun busa wanda muka saba da shi tun 1978, wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya yi wa kiɗa, ranar 29 Shugaba Tinubu ya sa hannu aka koma na 1960, kuma ana so a ji shi a asambule. Ba mu da takarda ko ɗaya. Na zauna a fiyano na fitar da shi a do re mi tukuna, don yarana yawanci daga Boys' Brigade da ƙungiyar mawaƙan coci suka fito, da solfa wato do re mi ɗin suka saba, na rubuta a allo, na ba kowa murya ɗaya har ta zauna, sannan na ƙara murya ta biyu a ƙasa. Har yau haka nake yi, solfa a ƙarƙashin kowace nota. Wanda ya ce sai yaro ya iya karanta rubutun kiɗa mai layi biyar kafin ya taɓa ƙaho gsky ban yarda da shi ba, zangon karatu zai ƙare ba a busa komai ba.

Af, masu rubuta kiɗa da manhajar Finale ku sani kamfanin ya daina sayar da shi tun Agusta 2024, gara ku fitar da ayyukanku a tsarin fayil na MusicXML, wanda wasu manhajoji ke iya buɗewa, tun da wuri.

Mai Tace Bidiyo, Tudun Wada

Malam ni ba makaɗi ba ne, bidiyon biki da walima nake yi, amma na sha ɗaukar fareti a Murtala Square. Matsalarka ba CapCut ba ce, wurin da ka tsaya ne. Maik ɗin waya ba ya ɗaukar ƙarar babbar ganga a kusa, fashewa yake yi, kuma sautin da ya fashe ba manhajar da za ta ɗinke shi. Ka nemi waya ta biyu ko ta aro ce, ka ɗora ta a kan kujera ta gefen masu busa nesa da ganguna, ka sa mata soso ko safa mai kauri saboda iska, aikinta sauti kawai. Kai kuma ka yi ta yawo da taka kana ɗaukar hoto. Kafin a fara ka sa yaro ɗaya ya yi tafi sau ɗaya da ƙarfi a gaban kyamara, idan ka zo haɗawa za ka ga tsini a zanen sautin duka biyun, ka jera tsinin su hau kan juna sai ka kashe sautin wayar hoton, shi ke nan.

Wani abu da ke rikita mutane, in ka tsaya can nesa ka jawo hoto za ka ga sanda ta sauka kafin ka ji bugun. Ba waya ce ta lalace ba, sauti yana tafiyar kamar mita 340 ne a daƙiƙa, tazarar mita 34 kawai ta isa ya makara da firem 3 in kana ɗauka a 30. Sai ka ɗan ja sautin baya da hannu har ya hau kan sandar.

Sauran kuma ƙanana ne. Ka yanke shawara tun farko a tsaye za ka ɗauka ko a kwance, fareti dai a kwance ya fi don layi ya fito. Ka yanka a kan bugun ganga ba a tsakiyar busa ba. Ka rabu da walƙiya da juye-juyen nan, iyaye fuskar ɗansu suke nema. In za ka tura a WhatsApp ka tura a matsayin dokumen don kar ya matse shi ya dushe. Manhajar haɗa bidiyo ta DaVinci Resolve kyauta ce kuma ta fi CapCut ƙarfi amma sai laftof mai ƙwari, in taka tsohuwa ce ka zauna a waya abinka.

Maman 'Yan Biyu, Malali

Ni uwa ce, 'yata tana buga ƙaramar ganga. Malam don girman Allah kafin ku sa yaranmu a Facebook ku tambaye mu. Akwai ranar da a wayar maƙwabciya na fara ganin 'yata, an jawo fuskarta ta cika hoto har da sunanta a rubuce, babanta ya ce ta bar badujalar gaba ɗaya, da ƙyar na shawo kansa yarinya tana ta kuka. Mutumin nan da ma da ƙyar ya yarda da maganar kiɗan, kuma ba shi kaɗai ba ne a garin nan. Takarda ɗaya ce ku rubuta mu sa hannu, wanda bai yarda ba a ɗauko ɗansa daga nesa ko a yanke wurin, suna kuma kar a sa.

Ɗan Kalangu, Rigasa

Hajiya gaskiyarki, mu ma sai da muka koma haka. Ni kuma Malam shawarata ka sa namu a ciki. Gidanmu gidan kiɗa ne, da na fara koyarwa na ɗauko kalangu biyu na sa su a tsakiyar maci, masu busa su yi shiru gaɓa takwas kalangu ya yi magana babbar ganga tana riƙe masa ƙafa, wlh ranar iyaye tashi suka yi tsaye. Kuma hutun nan shi ne numfashin da Baba yake faɗa. Sai dai in taken makaranta da Hausa za ka yi wa kiɗa ka fara rera shi da baki tukuna, karin ya bi hawa da saukar maganar, in ka ɗora kalmomin a kan karin da ka riga ka rubuta za ka ji yara suna faɗin abin da ba shi ake nufi ba.

Tsohon Mabushi, Kawo

Na manta ban faɗa ba, hunturu na tafe. Da sanyin safiya ƙaho yana sauka ƙasa da muryarsa, ka sa su hura iska mai ɗumi a ciki kafin a saita. Ƙura tana kama maɓallan tirampet, kar ka bari su zuba man gyaɗa ko basilin, man maɓalli ake sawa, na ga ƙahon da aka kashe da man girki. Kalangun ɗana na Rigasa ma a riƙa sa shi a jaka don fata tsagewa take yi. In ƙarfe ya ɓalle akwai masu liƙi a Panteka, amma ka tsaya a kansu ka ce da dalma za a liƙe ba walda ba, tagullar siririya ce wuta mai ƙarfi huda ta take yi.

Malamin Kiɗa, Unguwan Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na zaunar da su kamar yadda ka ce, na sauke macin namu ƙasa na cire wa begila abin da ba nata ba, jiya a atisaye sun kai ƙarshe ba wanda ya tsaya. Anti na fara sa solfa a ƙasan nota. Hajiya na kai maganar takardar wurin mai makaranta ta amince, za a raba ranar Litinin. Ɗan'uwa na Tudun Wada dabarar tafin ta yi, tirampet ta fito tas, sai dai bayan kamar minti biyar sautin yana fara zamewa daga hoton a hankali duk da na jera tsinin daidai a farko, wayoyin kuma ba iri ɗaya ba ne. Yanka shi zan riƙa yi gunduwa-gunduwa ina sake jerawa ko akwai wani saiti da zan canza tun kafin ɗauka?