Musayar Waƙa: Jirgin Ƙarƙashin Teku

Malam Mai Awo:

Da sunan Rabbu, mai tudu da teku,
Da shi ne waƙar nan take farawa.

Jirgin ƙarƙashin teku nake nufi,
Ku matso, 'yan'uwa, mu yi warwarewa.

Kowane ƙarfe ka jefa zai nutse,
Gwanintar duk tana wajen tasowa.

Jikinsa biyu: na ciki mai kauri,
Zagayayye, don ya jure matsewa.

Tsakaninsa da na waje akwai tankuna,
Ƙasansu galibi ba a rufewa.

Iskar ciki ce take tare ruwa,
Bawul na sama ke hana ta ficewa.

In za a nitso, sai a buɗe bawul,
Iska ta fita, ruwa na shigowa.

In za a hau, a datse shi gam,
Matsattsiyar iska ake sakowa.

Ta kori ruwan ta ƙofar ƙasa,
Nauyi ya ragu, jirgi na hawowa.

Hajiya, wa ya soma wannan aiki?
Gare ki muke jiran amsawa.

Hajiya Mai Tarihi:

Malam, na ji kira, ga ni na zo,
Asalin abin yanzu zan kawo shi.

Drebbel ɗan Holan, a shekarar 1620,
A kogin Tems na Landan ya gwada shi.

Katako ne a lulluɓe da fata mai maiƙo,
Da filafili matuƙa ke tura shi.

Sai Turtle na Bushnell can a Amurka,
Mutum guda tak ke shiga cikinshi.

A 1776 ya lallaɓa tashar Niyok,
Jirgin Ingila ya so ya tarwatsa shi.

Nakiyar ta ƙi maƙalewa a gindi,
Dole matuƙi ya juya ya bar shi.

Sai jirgin Hunley, 1864, a bakin Charleston ta Amurka,
Mutum takwas, bakwai na murza shi.

Ya nutsar da jirgin yaƙi Housatonic da dare,
Shi ma daren teku ta haɗiye shi.

John Holland ɗan Ailan ya gano bakin zare,
Jirginsa a 1900 Amurka ta saye shi.

Inji a sama, batir in an nutse,
Tsarin da aka daɗe ana bin shi.

Ɗan Walda:

Malam da Hajiya, Allah ya ƙara sani,
Ku bar ƙaninku ya kawo nasa nazari.

Manyan tankuna nitso kawai suke bayarwa,
Ƙanana na gaba da baya ke riƙe tsari.

In hanci ya rinjaya, famfo ya ja ruwa,
Ya kai shi baya, a daidaita da wuri.

Fukafukai na gaba da na kusa da farfela,
Su ke hawa da sauka muddin akwai sauri.

Ruwan ma ba ɗaya ba ne wajen ɗauka,
Ya fi tallafar jirgi in ya ji gishiri.

A bakin kogi, inda ruwan daɗi ke shiga,
Jirgi kan zurma ƙasa babu shiri.

Batun matsi: duk mita 10 da ka sauka,
Kilo guda kan santimita murabba'i ne ƙari.

A mita 300, murabba'in mita guda,
Tan 300 ke kansa, dole a yi kauri.

Jikin na matsewa ya ƙanƙance kaɗan,
Ɗaukarsa ta ragu, nan ne haɗari.

Ya ƙara sauka, ya ƙara matsewa,
In ba a rage ruwa ba tun da fari.

Kowace walda sai an haska cikinta,
In an ga rami a sake, ba a bari.

Injiniya:

Ƙanena, ka yi ƙarfe, ni zan yi numfashi,
Iskar ciki da hanyar sabunta ta.

Oksijin kashi 21 cikin 100 ake nema,
In ta ragu, tunani ke fara gurɓata.

Ana tsaga ruwa da lantarki a samu,
Ko kyandir na musamman ya fitar da ita.

Wadda huhu ya fesar ma tana taruwa,
Ciwon kai ne alama, na'ura ta tsotse ta.

Injin dizal ba ya tashi sai da iska,
A zurfi batir kaɗai ke ba da wuta.

In ya yi sanyi a matso kusa da sama,
A ɗaga bututun shaƙa, iska ta wadata.

Dabarar nan a Holan aka soma,
A yaƙin duniya na biyu Jamus ta ɗauke ta.

Igiyar ruwa in ta rufe bakin, bawul ya datse,
Inji ya zuƙi ta ciki, kunnuwa su azabta.

Batir kan caji yana fid da haidurojin,
Kashi 4 cikin 100, tartsatsi ya tayar da ita.

Ruwan gishiri a batir kuwa kulorin ne,
Guba mai ƙona huhu, ba a shaƙar ta.

San Juan na Ajantina, a 2017,
Ya ce ruwa ya bi bututu, batir ya lalata.

Daga nan aka daina jin ɗuriyarsa,
Mutum 44, ba wanda ya kuɓuta.

Hajiya Mai Tarihi:

Injiniya, wannan ƙangi an karya shi,
Nautilus na Amurka ne a 1955 ya fara.

Yuraniyom na tsagewa ba ya neman iska,
Zafinsa ya yi tururi, farfela ta tura.

Rickover, hafsan sojan ruwa, ya tsaya kai da fata,
Har nukiliya ta shiga jirgi da dabara.

Agustan 1958 ya kai ƙuryar Arewa,
Yana tafe ƙarƙashin ƙanƙara.

Yau watanni ake yi ba a leƙo sama ba,
Sai abinci ya ƙare babu saura.

Mai Sauraro:

Yaya Hajiya, to yaya yake gani?
Idon jirgi a zurfi shi ne kunne.

Sauti na cin mita 1,500 a daƙiƙa,
Ninki huɗu na iska da ɗoriya ne.

Ka aika ƙara ka jira ta dawo,
Ka san nisa, kai ma inda kake an gane.

Shi ya sa galibi shiru ake a saurara,
Kowane jirgi ƙuginsa daban ne.

Farfela in ta yi sauri kusa da sama,
Kumfa ya fashe, asiri a tone.

Don kar girgiza ta bi jiki ta fita,
A kan roba injuna suke zaune.

Malam Mai Awo:

Madalla. Ga darasin Thresher na Amurka,
10 ga Afrilu, 1963, ba a mantawa.

Ana gwajin zurfi, binciken ya ɗauka
Haɗin bututu ne ya yi yoyewa.

Tukunyar nukiliya ta kashe kanta,
Farfela ba ƙarfin da za ta yi turawa.

Aka saki iska don a kori ruwa,
Iskar da ta kwance sanyi take kawowa.

Danshin cikinta ya zama ƙanƙara,
Matatun bututu suka yi toshewa.

Ya wuce zurfin da ƙarfensa ke ɗauka,
Mutum 129, dukansu sun yi rasuwa.

Daga nan aka kafa tsarin SUBSAFE,
Iska a busar, kowane haɗi a yi dubawa.

Ɗan Walda:

Malam, Kursk na Rasha ma a faɗe shi,
Makamin cikinsa ne ya jawo haɗari.

12 ga Agustan 2000, a tekun Barents,
Man topido ya yoyo, ya yi zafi da tururi.

Ya fashe, bayan minti biyu da 'yan kai,
Sauran makamai suka tashi a jeri.

Mutum 23 sun taru a ɗakin baya,
Ceto bai iso gare su da wuri.

Mutum 118 aka rasa gaba ɗaya,
Rasha ta janye topidon daga tsari.

Ingila ta bar irin man a topido tun bayan jirginta Sidon,
Wanda ya fashe a 1955, tun fari.