Shawarwari kan na'urar sanyaya baƙin mai

Wani matashi da ya harhaɗa motarsa da hannunsa a Damagaram ya nemi shawarar makanikai kan ko ya dace ya sanya mata na'urar sanyaya baƙin mai, ga kuma abin da aka tattaro daga bakinsu.

Mafi yawansu sun ce kada ya sayi komai sai ya fara ɗaura ma'aunin zafin mai, sannan ya kama hanyar Tanut da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ya ga inda allurar za ta tsaya. Idan tana tsakanin digiri 90 da 110, injin lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa ta zarce 120 ta daɗe a can, man zai tsinke ya rage kare ƙarafa, to a nan na'urar ta zama dole.

Wani dattijo ya ja kunne cewa sanyin ma illa ne, domin man da bai ɗauki zafi ba ba ya fitar da danshin da ke taruwa a cikinsa, musamman da safiyar hunturu. Saboda haka a haɗa na'urar da bawul mai buɗewa da kansa idan zafi ya kai wajen digiri 80. A ganina nan ne maganar ta fi nauyi.

An kuma ambaci matsalolin da ke biyo bayan sanya ta: ƙurar da ke toshe haƙoran na'urar, da tiyo mai yoyo, da ƙarin man da za a riƙa saye a kowane juye.