Likitan garinmu ya tafi, in ɗauko Inna ko in bar ta a ƙauye?

Autan Inna: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifiyata tana wani ƙauye a Jigawa, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Likitan babban asibitin ƙaramar hukumarmu ne yake duba ta duk wata, ya san ciwonta ciki da bai. To bara ya ajiye aiki, an ce Saudiyya ya tafi, har yau ba a turo wani ba. Yanzu daga malamin asibiti ɗaya a sha-ka-tafin ƙauyen sai mai kemis. Ni ina Kano, ciki da falo ne da ni, ga iyali. Na ce ta dawo wurina, ta ce ba za ta bar ɗakin da Malam ya rasu ya bar ta a ciki ba. In matsa mata, ko in riƙa kawo ta Kano duk wata?

Na Gwaggo: Wa alaikumus salam. Ka sa a riƙa dafa mata zoɓo ba sukari, da zogale da tafarnuwa. Kakata har ta bar duniya ba ta san allura ba.

Maman Khairat: Ɗan'uwa, ka ɗauko ta ko tana kuka. Mu a Katsina muke. Likitanmu ɗan bautar ƙasa ne, shekararsa ta cika ya tafi. Babanmu ya ci gaba da kai wa mai kemis tsohuwar takardarsa yana karɓar ƙwayar nan dai, ba mai auna shi. Wata rana yana alwalar isha'i ya faɗi, baki ya karkace. Muka ruga sha-ka-tafi, ƙofa da kwaɗo, malamin a cikin gari yake kwana. Muka bi masu mota gida-gida, kowa ya ce ba zai hau hanyar nan da dare ba saboda 'yan bindiga, kuma ban ga laifinsu ba. Haka muka kwana muna masa fifita. Da safe da muka isa asibiti aka ce mun makara, ɓarin jiki ya riga ya shanye. Mutumin da yake noma gonarsa da hannunsa ya koma sai an juya shi, har Allah Ya karɓi abinsa.

Autan Inna: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Baba, Yaya.

Ɗan Tasha: Amin. Amma duk wata fa akwai aiki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa da dawowa na mutum biyu ka ware 20,000, ban da kati da gwaji. Gara ka sayi na'urar awon jini, 18,000 na sayo wa Hajiyarmu a Sabon Gari.

Hajiya Ƙarama: Wace irin 18,000? Ni 35,000 na saya watan jiya. Ko dai ta wuyan hannu aka ba ka, wadda za ta ce ka mutu kana zaune lafiya? Kuma kuɗin mota bai kai haka ba sai in shata zai ɗauka.

Ɗan Tasha: Tsohuwa mai suga za ka cusa mutum huɗu a baya?

Baban Gida: Uwar miji da matar ɗa a ciki da falo? Malam, na'ura biyu za ka saya, don hawan jinin kanka zai dawo.

Malamin Asibiti: Ku daina yi mana kallon masu raba farasitamol. Makarantar koyon aikin lafiya muka yi, muna da kundin ƙa'ida da muke bi, kuma tun lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya aka ɗora asibitocin ƙauye a kanmu. Auna jini da suga aikinmu ne. Ka je ka gana da na ƙauyenku, ka saya masa littafi, duk mako ya auna Inna ya rubuta.

Maman Khairat: Mu da muka tarar da kwaɗo a ƙofa za ka gaya wa? Ku yi aikin naku mu gani tukuna.

Dokta: Malamin yana da gaskiya, amma rabi. Awo nasa ne, canza magani kuma na likita ne, musamman da ciwon biyu suka haɗu, domin su ne suke cin ƙoda da ido a ɓoye. In awon yana daidai, ba dole sai duk wata ba, wata uku-uku ya isa ta ga likita da littafin nan a hannu, a riƙa gwada ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Zoɓo kuma ta sha, amma kar ta ajiye ƙwaya saboda shi.

Na Gwaggo: Dokta, daga wane asibiti kake wannan bayani?

Dokta: Ina aiki a Jidda yanzu.

Na Gwaggo: Ashe! To ku ne ai. Ku gudu ku bar mana iyaye, sannan ku riƙa aiko da shawara ta waya.

Dokta: Kafin in tafi ni kaɗai ne likita a babban asibiti guda: tiyata, haihuwa, yara, kiran dare kullum. Na sha yin ɗinki da fitilar waya. Abokin aikina a wata ƙaramar hukuma har gida aka bi shi aka sace. Kai za ka zauna?

Hajiya Ƙarama: Ministan lafiya Farfesa Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, saura kusan 55,000, su ma yawanci a manyan birane suke. Amma a 2019 Chris Ngige yana ministan ƙwadago cewa ya yi likitoci sun mana yawa, mai tafiya ya tafi.

Ɗan Tasha: Ai shi ya sa a 2023 aka kai ƙuduri majalisar wakilai cewa sai likita ya yi shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Ni ina goyon baya. Da kuɗin talakawa aka koyar da su.

Dokta: A ɗaure mutum ba a gyara wurin aikin ba? Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Ku tambayi inda kason ƙauyenku yake shiga.

Autan Inna: Jama'a, na gode, amma har yanzu ban ji wanda ya taɓa ɗauko tsohuwarsa birni ba. Ta zauna kuwa?

Maman Khairat: Kason namu na ga inda ya shiga. Bayan rasuwar Baba aka zo aka yi wa sha-ka-tafin fenti, aka kafa allo da hoton mai girma, aka yi taro har da maroƙa. Ma'aikaci ko ɗaya ba a ƙaro ba.

Malamin Asibiti: Namu ma an yi fentin, har da sola. Batiran kuwa ba su kai damina ba aka kwashe, don mai gadin ya yi wata da watanni ba a biya shi ba. Wa za a kama?