Neman shawara: kan babur ɗina yana rawa idan na kai gudun kilomita 80

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobin wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau damuwa ta sa dole na rubuto. Ni malamin makaranta ne a birnin Kano, iyalina kuma suna ƙauyenmu da ke gaba da Kwanar Ɗangora a kan hanyar Zariya. A da da motar haya nake zuwa gida duk Juma'a, to amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin albashina, sai na shiga adashi da abokan aikina, da kwasata ta zo na cika da kuɗin wata akuya da maiɗakina ta sayar, na sayi babur na hannu mai cc 150 a wajen wani maƙwabcinmu da ya rantse mini cewa bai taɓa faɗuwa da shi ba. Mutumin kirki ne, tare muke sallah, kuma ba ni da dalilin zarginsa. Kusan shekara biyu ke nan ina hawansa lafiya, ina canza baƙin mai a kan kari, ban taɓa barin yaro ya hau shi ba.

Makonni uku da suka wuce ne abin ya fara. Idan ina tafiya a cikin gari babu abin da nake ji, amma da zarar na fita babban titi na kai gudun kilomita 80 zuwa 85, sai kan babur ɗin ya fara kaɗawa hagu da dama da sauri, kamar wani ne ya kama hannun yana jijjiga shi. Ranar Juma'ar da ta wuce abin ya zo mini a daidai lokacin da nake wuce wata tirela, kuma wallahi na ɗauka kwanana ya ƙare. Na kai wa bakanike ya hau ya zagaya unguwa ya dawo ya ce bai ji komai ba. Don Allah mene ne yake jawo wannan, kuma me zan canza?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba sai ka wahalar da kanka ba, boris ɗin wuya ne, wato wurin da kan babur yake juyawa. Shekara 26 na yi ina gyaran babura kafin ciwon baya ya zaunar da ni, kuma duk wanda ya kawo mini wannan ƙorafi a wuya nake samun ciwon. Ka ɗora babur ɗin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka sa wani ya danne bayansa har tayar gaba ta bar ƙasa, sannan ka tsuguna ka kama ƙasan shokozoba biyu na gaba ka ja su gaba da baya. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, wuyan ya saki. Bayan haka ka juya kan a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ya zo tsakiya ka ji ya ɗan maƙale kamar ya faɗa gurbi, to ƙwayoyin boris ɗin sun ci mazauninsu, sai an canza su gaba ɗaya tare da sabon giris. Bakaniken da ya zagaya unguwa da gudun kilomita 30 ya ce maka bai ji komai ba, bai yi aikin komai ba.

Ɗan Zariya:
Allah Ya kiyaye gaba, Malam. Kafin a kwance wuya ina da tambayoyi, domin bayaninka ya yi tsawo a kan yadda aka sayi babur ɗin, amma bai faɗi abin da ya faru makonni ukun nan ba. Ka canza taya? Ka faɗa rami? Kana ɗaukar kaya ko mutum a baya? Kuma iska nawa ce a tayoyinka? Abin da ya yi shekara biyu lafiya ba ya fara rawa rana ɗaya haka kawai.

Mai tambaya:
Na gode, Yaya. Gaskiya na canza tayar gaba kimanin wata guda da ya wuce, amma sabuwa ce fil a ledarta, saboda haka ban ga dalilin ambatonta ba. Iska kuwa mai facin da nake zuwa wajensa ya san aikinsa, yana matsa tayar da yatsa ya gane ko ta isa. Maganar rami, babu mai bin titi da babur da zai ce bai taɓa faɗawa rami ba, amma ban faɗi ƙasa ba.

Ɗan Zariya:
To ai ga bakin zaren nan, Malam. Sabuwar taya tana iya jawo rawa idan bakinta bai zauna daidai a kan rim ba. Ka duba gefen tayar, akwai wani siririn layi da ya zagaye ta kusa da bakin rim. Ya kamata tazarar da ke tsakaninsa da rim ɗin ta zama ɗaya ko'ina, ta kowane ɓangare. Idan ya nutse a wani wuri ya fito a wani, sai a sace iskar, a shafa ruwan sabulu, a sake hurawa. Ka kuma duba ko akwai kibiya a jikinta da ke nuna inda ya kamata ta riƙa juyawa, domin ana sa ta a juye. Yatsa kuma ba geji ba ne, wato abin auna iskar taya. Irin waɗannan ƙananan babura yawanci gaba tana son abin da bai wuce 25 zuwa 28 ba a ma'aunin psi, baya kuma ta ɗan fi haka, kuma masu ƙera babur kan manna takardar adadin a kusa da murfin cen. Tayar da aka cika ta yi tauri kamar dutse tana tsalle a kan kwalta, wadda ta yi laushi kuma tana lanƙwasa, kowacce tana iya sa kai ya kaɗa.

Tsohon Bakanike:
Ƙanina, karatu daban, aiki daban. Taya ba ta yin irin wannan rawar da ya kwatanta. Na ce wuya ne. Malam, ka je a ɗaure maka notin wuyan tamau, ka dawo ka ba mu labari.

Mai Kai Saƙo:
Ni maganar taya ce ta taɓa ni. Bara na sayi wadda aka ce mini sabuwa ce, ashe ta shekara da shekaru a ajiye a shago, robar ta bushe, ko wata biyu ba ta yi ba ta fara tsattsagewa a gefe. Da na mayar, mai shagon ya ce ni na bar ta a rana, kamar akwai inda babur zai shiga a ƙasar nan da babu rana. Daga baya ne wani ya nuna mini lambobi huɗu da ake bugawa a gefen taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Har yau ban ga kuɗina ba, kuma mutumin yana nan yana sayar wa wasu.

Injiniya:
Da girmamawa ga Baba Tsohon Bakanike, gwajin da ya bayar daidai ne kuma ya kamata a yi shi, amma shawarar ɗaure wuya tamau tana da haɗari. Babur yana tsayawa a miƙe ne saboda kan yana gyara kansa da ƙananan motsi da mahayi ba ya ma lura da su. Idan aka matse wuyan ya yi tauri, wannan gyaran ba zai yiwu ba, sai babur ɗin ya riƙa yawo a kan titi kamar maciji, kuma boris ɗin ya lalace da wuri. Daidai shi ne a ɗaure har motsin gaba da baya ya ɓace, amma idan tayar tana sama aka ɗan tura kan, ya tafi gefe da kansa ba tare da tirjiya ba.

Sannan tunda an ambaci rami, a duba rim. A ɗaga gaban, a riƙe alli kusa da bakin rim ɗin a juya tayar. Inda allin ya taɓa shi kaɗai, nan ne ya karkace. Idan mai waya ne a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya a ƙwanƙwasa da sifana, mai ƙarfi za ta yi ƙara tas, wadda ta saki kuma za ta yi ƙara a dushe. A kama tayar a girgiza ta gefe da gefe domin a ji boris ɗinta, a duba ko ɗaya daga cikin shokozoban gaba yana zubar da mai. Abin da mutane ke mantawa shi ne sau da yawa ciwon yana baya ne, gaba take nuna shi: idan wajen jan cen an ja gefe ɗaya fiye da ɗaya, tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, haka nan idan bushin ƙarfen da ke riƙe tayar baya ya cinye. Malam, har yanzu ba ka amsa tambayar kaya ba.

Mai tambaya:
Kaya ba wani mai yawa ba ne. Nakan tsaya a Kura in sayi buhun shinkafa mai kilo 50 saboda ta fi sauƙi a can, in ɗaure shi a kan kariya, wani lokaci da jarkar man gyaɗa a sama. Amma mutane suna ɗora buhu uku a kan babur suna tafiya lafiya, saboda haka ban yarda kayan ne ba. Kuma ba zan iya zuwa gida hannu rabbana ba.

Injiniya:
Masu buhu uku ba sa gudun kilomita 85, kuma sukan ɗora nauyin a kan kujera har zuwa tanki. Kariya tana bayan tsakiyar tayar baya ne, don haka duk abin da ka ɗora mata yana ɗaga gaban babur ɗin, tayar gaba ta rage kama ƙasa, ga kuma iskar tirela ta buge ka. Ka matso da buhun kan kujera daf da bayanka. Ka gwada tafiyar sau ɗaya babu kaya, ka ga ko rawar za ta zo. Idan kuma ta zo maka, kada ka damƙi birkin gaba, kada ka ƙanƙame hannun kana kokawa da shi. Ka sassauta riƙo, ka matse tanki da gwiwoyinka, ka ɗan sunkuya gaba, ka saki totur a hankali har gudun ya ragu.

Tsohon Bakanike:
Duk wannan dogon bayanin, a ƙarshe wuya za a kwance. Na ga irinsa ya fi a ƙirga. Mu da muka koyi aiki a hannun iyayen gidanmu shekara bakwai muke yi kafin a yaye mu, yanzu kuwa yaro zai yi wata shida ya buɗe gareji, shi ya sa babu wanda ya san ɗaurin wuya. Malam, idan rawar ta zo ma ƙara wuta ake yi, sai ta wuce.

Ɗan Zariya:
Baba, a yi haƙuri, amma kada a gaya wa mutumin da ke ɗauke da buhu a kan ƙaramin babur a tsakanin tireloli ya ƙara wuta. Malam, ka sauka zuwa 60 har sai an gano matsalar, kuma ka fara da geji, tunda shi ne abin da ba zai ci maka kuɗi ba.

Mai tambaya:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Tafiya a 60 za ta sa magariba ta riske ni a hanya, kuma ba na son tafiyar dare. Jiya na ɗaga gaban na ja shokozoba kamar yadda Baba ya ce, ina jin kamar akwai ɗan motsi, amma ɗana da ya danne mini bayan ya ce shi bai ji ƙara ba. Mai facin kuma da na tambaye shi geji ya nuna bai ji daɗi ba, ya ce shekara nawa yana sa mini iska, ni kuma ba na son in ɓata da shi. Ina tunanin in mayar da tsohuwar tayar, tunda tana nan a ajiye, in gani ranar Juma'a.

Injiniya:
Tsohuwar da ka cire, me ya sa ka cire ta tun farko? Idan ta sude ne ko ta ci gefe ɗaya, mayar da ita ba gwaji ba ne. Kuma ka duba layin gefen sabuwar da aka ce ka duba?

Mai Kai Saƙo:
Malam, idan ka yanke shawarar cire sabuwar, ka karanto mini lambobin nan huɗu da ke jikinta da kuma girmanta, domin tawa ta gaba ta kusa ƙarewa.